Taya mai zare ko mai waya: wacce ta dace da motar daji?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san taya. Land Cruiser 79 ce a hannuna, da ita muke kai kayan aikin haƙa rijiyar burtsatse. Wajen kashi biyu cikin uku na tafiyarmu a kan kwalta ne, daga nan sai mu sauka mu kutsa daji inda babu hanya, sai kututture da tsakuwa da ƙaya. Tayoyin da ke ƙafarta radiyal ne, masu waya, 265/70R16. Abin da ya ishe ni shi ne zanen bai ci ko rabi ba, amma gefen taya ke yagewa, ga taya kamar sabuwa amma ta tashi aiki. Wani dattijo ya ce in rabu da mai waya in koma bayas, mai zare, 7.50-16. Kafin in sayi guda biyar ina so in ji ta bakinku.

Alhaji Mudi:
Wa alaikumus salam. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka. Mu da muka yi tuƙin Land Rover a zamanin da ba a san wata taya ba sai mai zare, ba mu san wannan kukan na yagewar gefe ba. Kututture ya soke ta, sai dai ya karce roba ya wuce. In ma ta huje, a kwance ta, a sa faci mai kauri daga ciki, a mayar da tif, a ci gaba da tafiya. Ita mai waya kuwa da zarar gefenta ya tsage, shi ke nan, sai jefarwa. Ɗana, sayi mai zare ka huta.

Nura Fowil:
Baba Alhaji ya gama magana. Ku duba masu gasar hawan duwatsu a Amurka, tayoyinsu irin su Super Swamper TSL da Maxxis Creepy Crawler duk bayas ne. In da radiyal ta fi, ai da ita za su saka.

Injiniya Sadiya:
Nura, motocin gasar nan a kan tirela ake ɗauko su a kai su bakin dutse, su yi rarrafe na 'yan awoyi, a sake ɗora su a mayar gida. Motar Baban Khalifa da ƙafarta take zuwa, da kaya a bayanta, a kan kwalta mai zafi. Ba aiki ɗaya suke yi ba.

Bari in faɗi yadda aka gina kowacce, don daga nan duk gardamar ta samo asali. A cikin bayas, zaren nailan ne aka shimfiɗa a karkace daga wannan baki zuwa wancan, wajen digiri 30 zuwa 40 daga layin tsakiyar taya, shimfiɗa ta biyu kuma ta gitta ta farko, kamar saƙar tabarma. Saboda haka duk kaurin da ke ƙarƙashin zane, shi ne ya gangaro har gefe. Jiki ɗaya ne. Abin da Baba Alhaji yake yabo ke nan, kuma yana da gaskiya. A radiyal kuwa zaren miƙe yake tsallaka taya daga baki zuwa baki, digiri 90, sannan a ɗaure saman da ɗamarar waya a ƙarƙashin zane kaɗai. Sai saman ya yi tauri ya kwanta shamɓar a ƙasa, gefen kuma ya yi laushi yana lanƙwasa shi kaɗai ba tare da ya ja zanen ba.

Matsalar bayas tana fitowa ne idan gudu ya zo. Duk juyi ɗaya da taya ta yi, shimfiɗun nan da suka gitta juna sai sun ɗan motsa sun goga juna, kuma zanen yana matsewa yana buɗewa a inda ya taɓa ƙasa. Wannan gogayya ita ce zafi, ita ce saurin cinyewar zane, ita ce ƙarin shan mai. A gudun kilomita 20 cikin daji ba za ka ji komai ba. A gudun 100 na awa uku da kaya a baya, labari ya canja.

Alhaji Mudi:
Injiniya, 'yata, ai mun yi gudu da ita a kwalta kuma ga mu da ranmu.

Injiniya Sadiya:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ka tuna Land Rover ta wancan lokaci, in ta kai 80 ai ta yi ƙoƙari. Motar yanzu tana wuce haka direba bai ma lura ba, ga nauyi ya ƙaru, ga birki mai kamawa sosai wanda yake buƙatar taya ta riƙe ƙasa. Kuma ba a banza duniya ta juya ba. Kamfanin taya na Michelin ya yi rajistar radiyal a 1946, ya fara sayar da ita da sunan Michelin X a 1949, ya fito da ta manyan motoci a 1952. Amurkawa sun daɗe suna jan ƙafa, amma bayan tsadar man fetur ta 1973 su ma suka bi, saboda mai waya ba ta cin mai kamar mai zare kuma tana daɗewa. Yau da wuya ka ga motar hawa ta fito daga kamfani da bayas.

Malam Habu Tarakta:
Amma har yau ana ƙera bayas, kuma ba don tarihi ba. Injinan jan gungume a dazuzzukan katako, yawancinsu mai zare suke sakawa. Haka ƙananan motocin loda kaya da ke juyi a wurin gini cikin ƙusoshi da fasassun duwatsu. Duk inda abin hawa yake tafiya a hankali cikin abin da ke sukar gefe, mai zare ce sarauniya. A tarakta ni na yi aiki da duka biyun. A gona mai laushi radiyal ta fi kama ƙasa, ba ta yawan sulɓi, kuma ba ta danne ƙasa sosai domin sawunta ya fi faɗi da tsawo. Amma in sabon fili ne da aka sare, kututture ko'ina, ba na yarda a shiga da radiyal.

Ɗanlami Falkanaiza:
Salamu alaikum manya. Ni dai ba boko na yi ba, amma gawar taya ta wuce ta hannuna da yawa. Baban Khalifa, kafin a ce maka sayi wannan ko waccan, tayoyin da suka mutu suna nan? In suna nan, ka juya cikinsu ka duba mini abu uku.

Na farko, ina raunin yake? In tsaga ce guda ɗaya a tsakiyar gefe, bakinta a tsaftace kamar an sa wuƙa, ko rami ne da guntun itace a ciki, wannan wani abu ne ya soke ta daga waje. In kuwa tsaga biyu ce kusa da juna, ko kumburi kamar ƙwai ya fito a gefe, to taya ce ta matse tsakanin dutse da bakin rim har zaren ciki ya tsinke. Wannan ba laifin kututture ba ne, iska ce ta yi kaɗan ga nauyin da aka ɗora, ko an daki dutse da gudu.

Na biyu, ka sa hannu a ciki ka shafa. In ka debo baƙin gari kamar toka, kuma ka ga wani zobe ya zagaye cikin gefen duka, robar ta yamutse ta canja launi, to an yi tafiya da ita babu isasshiyar iska har ta dahu daga ciki. Irin wannan tayar ko ba ta haɗu da kututture ba, ranarta ta kusa.

Na uku, ka karanto mana duk rubutun da ke jikin tayar, har da ƙananan da ke kusa da rim.

Baban Khalifa:
Oga Ɗanlami na duba. Biyu soke su aka yi, har da guntun itace a ɗaya. Ɗaya kumburi ne. Baƙin gari babu. Rubutun kuma 265/70R16 112S, can ƙasa an rubuta cewa a saman akwai shimfiɗar poliyesta 2 da waya 2 da nailan 1, a gefe kuma poliyesta 2.

Ɗanlami Falkanaiza:
Babu LT, alamar tayar ƙaramar motar ɗaukar kaya, a gaba ko a bayan lambar?

Baban Khalifa:
Babu.

Ɗanlami Falkanaiza:
To ai ga zancen. Ranka ya daɗe, tayar jif ɗin zuwa ofis ce a ƙafar motar aiki. Zanenta na iya zama mai manyan haƙora, ya ruɗe ka, amma gangar jikinta ta ƙaramar mota ce.

Injiniya Sadiya:
Ɗanlami ya taɓo inda ke ciwo. 112 ɗin nan yana nufin kilo 1,120 kowace taya, S kuma gudun kilomita 180 a awa, wanda ba ka buƙata. Ka kwatanta da LT235/85R16 mai 120/116, wadda take ɗaukar kilo 1,400 kowace ɗaya in ita kaɗai ce a gefe, ba a haɗa biyu ba. Ita ma radiyal ce, amma zarenta ya fi kauri, robar gefenta ta fi kauri, kuma an gina ta don ta karɓi iska mai yawa, har psi 80 a ma'aunin iska in mai matakin ɗaukar nauyi na E ce. Don haka kwatancen da aka yi maka tun farko bai yi adalci ba. An ɗauki mafi raunin radiyal an gwada da mafi ƙarfin bayas.

Akwai kuma zancen siffa, wanda mutane ke mantawa. Faɗin tayarka milimita 265 ne, tsayin gefenta wajen 185. Ita 235/85 faɗinta 235, tsayin gefenta wajen 200. Siririya ce doguwa, kusan tsayinta ɗaya da 7.50-16. Taya mai faɗi tana bin sawun da ya fi faɗi, tana tattaro kututturen da siririya za ta wuce ta gefensa. Ina da yaƙinin cewa rabin sunan da 7.50-16 ta yi a daji, siririntarta ce ta jawo mata, ba zaren kaɗai ba.

Alhaji Mudi:
Kun ga, kun dawo kan maganata ta bayan gida. Siririyar taya doguwa. Saura ku yarda da zaren. Mai zare tawa an rubuta mata 12PR, shimfiɗa goma sha biyu. Wace mai waya ce ke da goma sha biyu a gefe?

Ɗanlami Falkanaiza:
Baba, a yi mini afuwa, amma in ka yanka ta ba za ka ƙirga goma sha biyu ba. Wannan lambar ma'aunin ƙarfi ce da aka gada tun lokacin da ake yin taya da zaren auduga. Ana nufin ƙarfinta ya kai na shimfiɗa goma sha biyu na auduga. Nailan ya fi auduga ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa ainihin shimfiɗun ba su kai haka ba. Amma duk da haka, gaskiyarka ce, in na yanka mai zare da mai waya na ajiye su gefe da gefe, gefen mai zare ya fi kauri, kowa zai gani da idonsa. Mai waya ta LT ko an rubuta mata 10PR, a gefe shimfiɗa biyu ce ko uku.

Nura Fowil:
To ashe har yanzu bayas ce a gaba wajen gefe.

Ɗanlami Falkanaiza:
Wajen gefe kam ita ce a gaba, ban taɓa musu ba. Amma wajen sama mai waya ta fi ta. Ƙusa da ƙaya da tsakuwa mai kaifi da za su ratsa zanen mai zare, sau da yawa ɗamarar waya ke tare su. Kowacce da inda take mutuwa. Mai waya gefe ke kashe ta, mai zare zafi da suɗewa ke kashe ta.

Hajiya Binta:
Ni matuƙiya ce kawai, amma bari in faɗi abin da hannu ke ji a sitiyari, tunda babu wanda ya faɗa. Na tuƙa motar aiki mai bayas na wani lokaci. Da safe in ta kwana a tsaye, musamman da sanyi, sai ka ji tana dukan ƙasa dum-dum-dum kamar tayoyin ba zagayayyu ba ne, sai an yi 'yan kilomita sun ɗumama sannan su daidaita. A kwalta kuma duk wani tsagi ko gurbin da manyan motoci suka bari, sai ta bi shi, kana ta gyaran sitiyari ba hutawa. In aka yi ruwa kuwa, tun daga nesa nake fara taka birki. Wanda zai yi awa huɗu a haka kafin ya isa daji, ya isa a gajiye. Wannan ma abin lissafi ne, Baban Khalifa, ko da ba kai ke tuƙin ba.

Injiniya Sadiya:
Dukan safiyar nan halin nailan ne, Hajiya. In ya yi zafi ya huce a ƙarƙashin nauyi, sai ya riƙe siffar inda ya kwanta. Ba lalacewa ba ce, amma akwai ban haushi.

Nura Fowil:
Yashi fa? Ni na ji an ce a rairayi babu kamar bayas, shi ya sa ake da tayoyin yashi 9.00-16 masu zare a ƙasashen Larabawa.

Injiniya Sadiya:
Waɗannan tayoyi ne na musamman, an yi su da jiki mai laushi da zane marar zurfi don su yi iyo a kan yashi. Ba su da alaƙa da 7.50-16 mai 12PR sai sunan zare. Ita mai taurin gefen nan, ko ka rage mata iska ba ta son bajewa, sai ka sauke ta ƙasa sosai. Radiyal kuwa kana rage mata zuwa psi 18 ko 16 sai sawunta ya yi tsawo gaba da baya, kuma tsawon nan shi ke ɗaga mota a yashi. Michelin ma ta yi tayar yashi ta radiyal, XS.

Malam Habu Tarakta:
A taɓo dai ina ganin mai zare tana da wata baiwa. Da yake saman nata yana motsi, tana tofar da lakar da ta cika tsakanin haƙora. Kuma a kan dutse tana naɗe shi ta rungume.

Injiniya Sadiya:
Na yarda, Malam Habu, amma a taɓo zane ke yin kaso mafi girma na aikin. Radiyal mai zanen laka za ta bar bayas mai zanen kwalta a baya.

Baban Khalifa:
To ga wata dabara da ta zo mini. Tunda tayoyin gaba ne suka fi cin karo da kututture, me zai hana in saka mai zare a gaba, mai waya a baya? Ko akasin haka, tunda baya ke ɗaukar kaya?

Ɗanlami Falkanaiza:
A'a ranka ya daɗe. Kar ka soma.

Injiniya Sadiya:
Kar ka haɗa su. Yadda suke amsa kwana ya bambanta. Mai waya tana riƙe layinta, mai zare tana ɗan zamewa gefe kafin ta kama. In mai waya na gaba mai zare na baya, gaba zai shiga kwana da kyau, baya ya nemi wuce shi, motar ta juya da kai. A Birtaniya doka ce ma ta hana wannan haɗin, ta kuma hana haɗa iri biyu a aksil ɗaya. Ɗaya haɗin, wato mai zare a gaba, dokarsu ba ta hana ba, amma taka motar fowil ce, mai ja da ƙafa huɗu. In ka sa giyar fowil, gaba da baya a kulle suke, dole su juya daidai. In zagayen tayoyin ya bambanta ko da kaɗan ne, a ƙasa mai tauri ƙarfin nan ba shi da inda zai fita sai cikin giya da shaf. Duk huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, har da safaya.

Alhaji Mudi:
A nan kam ina tare da Injiniya. Ko a zamaninmu ba a haɗawa.

Sani Bakanike:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai abin da za ku jefa bawan Allahn nan a ciki in ba a faɗa ba. An ce ya sayi LT, kuma an ambaci psi 80. Kar ya je ya ɗura 80 ya shiga daji. Tayar da aka cika tam ba ta lanƙwasa, in ta hau abu mai tsini sai ya shige, kuma motar za ta yi ta tsalle a gargada har shokozoba su gaji. 80 ɗin iyaka ce ta cikakken kaya. A ɗaya ɓangaren kuma, in ya rage da yawa, cikin radiyal zai ɓullo waje, gefen nan mai rauni ya zama shi ke gaba wajen haɗuwa da kututture. Wato a yashi ka rage sosai, a tsakuwa da gargada ka rage kaɗan ka kuma rage gudu, a cikin kututture kuwa kar ka bari cikinta ya fito. Wannan ne wurin da mai zare take yafe wa direba, mai waya ba ta yafewa.

Sannan duk wanda zai rage iska, ya tabbata yana da kwamfuresa da geji a mota. In ka fito kwalta da tayar da ka rage wa iska ka kama gudu, kana dafa ta ne. Ku tuna abin da ya faru da tayoyin Firestone a kan Ford Explorer, har aka janye taya miliyan 6.5 a watan Agustan 2000 saboda saman taya yana ɓarewa daga jikinta ana cikin gudu. An yi ta jayayya tsakanin kamfanonin biyu kan wanda ke da laifi, amma zafi da ƙarancin iska suna cikin abubuwan da aka yi ta ambata. Radiyal ma zafi na kashe ta in aka wulaƙanta ta.

Ɗanlami Falkanaiza:
Oga Sani ya faɗi gaskiya. In ƙara da zancen gyara, tunda Baba Alhaji ya fara da shi. Hujin da ke saman mai waya marar tif, ko a daji direba zai iya toshe shi da igiyar faci ba tare da ya cire taya ba, minti kaɗan. Amma in an dawo gari a kawo a buɗe a yi faci ta ciki, domin in ruwa ya samu hanyar shiga wurin wayar, tsatsa za ta ci ta a ɓoye, wata rana ka ga saman ya kumbura. Gefen mai waya kuwa, duk wanda ya ce zai gyara maka shi ka hau kwalta da gudu, ba masoyinka ba ne. Mai zare tana karɓar babban faci a gefe da tif, ta kai ka gida, har ta ci gaba da aikin daji a hankali. Sai dai aikinta ya fi wahala, dole a cire, a kwance, a fito da tif, kuma tayar tif in ta huje, iskar kan fita da sauri, ba kamar marar tif da ke sacewa a hankali ba.

In kuma rim ɗinka mai zobe ne, wanda ake rabawa, don Allah a bar wa wanda ya iya. Zoben nan in bai zauna daidai ba aka ba da iska, fitowa yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. A keji ake hura shi, ko a ɗaure da sarƙa, kuma ba a tsayawa a gabansa.

Baban Khalifa:
Rim ɗina ba mai zobe ba ne, guda ne, faɗin inci 7.

Sani Bakanike:
To 235/85R16 za ta zauna a kai lafiya. Ita 7.50-16 ta fi son siririn rim, inci 5.5 ko 6, ka ga in ka bi ta wannan hanyar har da rim za ka nema. Abu ɗaya ka sani, 235/85 ta fi tayarka ta yanzu tsayi, wajen milimita 806 ne a kan 777. Motar za ta ɗan ɗagu daga ƙasa, wanda alheri ne a daji, amma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 4 cikin ɗari. In ya nuna 100, kana wajen 104.

Nura Fowil:
Wace iri zai saya ke nan? BFGoodrich?

Injiniya Sadiya:
Ba zan zaɓar masa kamfani ba. BFGoodrich dai tun 1976 take yin radiyal ta kowace irin hanya, kuma akwai masu shimfiɗa uku a gefe a wurinta da wurin wasu kamfanonin. Akwai kuma irin su Michelin XZL da motocin soja ke sakawa, wadda gangar jikinta ma waya ce, ba saman kaɗai ba. Abin dubawa shi ne LT a jikin lamba, lambar nauyin da ta ishi kayansa, da ƙaramin rubutun nan da ke faɗin shimfiɗa nawa ce a gefe. In ya samu mai uku, ya fi.

Ni hukuncina ke nan, Baban Khalifa: tunda mafi yawan tafiyarka kwalta ce da kaya da gudu, radiyal LT siririya. Da a ce motar a daji take kwana take tashi, ba ta wuce gudun 60, da ni da kaina zan ce ka bi maganar Baba Alhaji.

Alhaji Mudi:
Ni dai ban sauka daga kan maganata ba. Taya biyu cikin uku kututture ne ya kashe su, shi da bakinsa ya faɗa. Ku sa masa mai shimfiɗa ukun, in itacen da aka sare a karkace ya same ta a gefe, zai shige. Ɗanlami, ƙarya na yi?

Ɗanlami Falkanaiza:
Ba ka yi ƙarya ba Baba, zai iya shigewa. Ana kawo mini irinsu. Sai dai ba kamar na tayar da yake kai yanzu ba. Kuma in taya ta mutu a daji ana tafiyar kilomita 15 a awa, asara ce da ɓata lokaci. In ta mutu a kwalta ana 110 da janareta da bututu a baya, wannan ba zancen taya ake yi ba kuma.

Alhaji Mudi:
To ya rage gudu mana. Wa ya aike shi 110?

Hajiya Binta:
Baba, direban da aka ba mota aka ce ya isa kafin dare, ba ya jin wannan nasihar.

Malam Habu Tarakta:
Akwai masu raba gardamar da saiti biyu, mai waya don tafiya, mai zare a kan nasu rim don lokacin da za a daɗe a daji. In aikin na sati-sati ne a wuri ɗaya, yana da ma'ana. In kullum ana shiga ana fita, babu mai juriyar canja taya huɗu safe da yamma.

Baban Khalifa:
Mu kullum muna shiga muna fita. Zan nemi LT235/85R16 mai shimfiɗa uku, guda biyar, da kwamfuresa. Baba Alhaji, ban watsar da maganarka ba, akwai ƙaramar tirela da muke ja da tankin ruwa, ita daga sansani zuwa wurin haƙa kawai take zirga-zirga, ba ta hawa kwalta. Ita zan iya saka mata mai zare ko da motar na kan mai waya?

Sani Bakanike:
Saka mata. Tirela ba ta cikin giyar motar, ba ruwanta da abin da ke ƙafar mota, in dai nata biyun iri ɗaya ne. Gefe mai tauri ma yana rage mata rangaji in ruwa na kaɗawa a tanki.

Ɗanlami Falkanaiza:
Amma ka duba shekararta kafin ka biya, domin mai zare ba ta fita da sauri, tana iya daɗewa a ajiye. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekara. In ka ga 2319, sati na 23 ne na 2019. In lambobi uku ne kawai, tun kafin 2000 aka yi ta, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Sabon tif za ka saka mata daidai girmanta, kar a mayar da tsoho da ya riga ya saki, yana naɗewa a ciki ya tsage.